Baƙin Rani da Masu Gari: Waiwaye Kan Gaɓar Tekun Queensland

Duk shekara, da zarar watan Mayu ya kama, sanyi ya fara sauka a kudancin Ostareliya, sai hanyar Bruce ta cika da wani irin ayari da ba fatauci ya fito da shi ba. Manyan jif-jif ne, kowace tana jan ɗakin tafi-da-gidanka mai gado da murhu da firji da banɗaki, duk sun fuskanci arewa. Hanyar ta tashi daga Brisbane ta ƙare a Cairns, tafiyar kusan kilomita 1,700 a gefen gabas na jihar Queensland. Daga Rockhampton, inda layin Capricorn ya ratsa, ƙasar zafi ke farawa, garuruwan gaɓar teku da na kusa da ita su yi ta biyo juna: Mackay, Bowen, Ayr, Townsville, Ingham, Cardwell, Tully, Innisfail, har Cairns, wanda bai gaji ba kuma ya zarce Port Douglas da Cooktown. Akasarin matafiyan dattawa ne da suka ajiye aiki, miji da mata, wasunsu tun daga Melbourne, kusan kilomita 3,000 a bayansu. Sukan yi wata uku ko huɗu suna ya da zango gari-gari, kafin zafi da ruwan sama su kora su gida wajen Oktoba. Masu tallar yawon buɗe ido na nuna wannan tafiya a matsayin 'yanci tsantsa, masu suka kuma cunkoso da rowa kawai suke gani a cikinta. A ganina waɗannan baƙi sun zama ginshiƙi na gaske ga ƙananan garuruwan da tsohuwar sana'arsu ke ja da baya, sai dai ginshiƙi ne na rabin shekara, kuma duk garin da ya sake tsara kansa domin baƙon rani har ya manta da mai kwana cikinsa da damina ya yi cinikin da zai zo yana da-na-sani.

Kafin a gane girman sauyin, sai a tuna cewa waɗannan garuruwa teku suka fuskanta tun asali. An kafa Bowen a 1861, Mackay a 1862, Townsville da Cardwell a 1864, duk kuma suka zama tashoshin jiragen ruwa masu fitar da abin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna ke samowa daga cikin ƙasa. Zinariyar kogin Palmer ce ta haifi Cooktown a 1873, ta kogin Hodgkinson ta haifi Cairns a 1876 da Port Douglas a shekarar da ta biyo. Da zinariya ta ƙare, rake ya gaje ta, har yau kuma kusan duk sukarin Ostareliya daga Queensland yake fitowa. Gonakin raken da gumin wasu aka share su. Tsakanin 1863 da 1904 an kwaso mutane kimanin 60,000 daga tsibiran Fasifik, galibi daga inda ake kira Vanuatu da tsibiran Solomon a yau, wasu da yaudara, wasu da ƙarfin tsiya, sannan wata doka ta 1901 ta sa aka tasa ƙeyar mafi yawan waɗanda suka rage zuwa gida. Daga baya 'yan Italiya suka cike gurbin, musamman a Ingham da Innisfail. Duk tsawon wannan zamani, mai son zuwa wani gari jirgin ruwa yake hawa, domin tsakanin gari da gari koguna ne da fadamu da kurmi. Sai a 1924 layin dogo ya haɗa Brisbane da Cairns. Tun a lokacin an ga yadda rayuwar gari ke rataye da hanyar sufuri: da aka ba Cairns layin dogon da ke hawa tudun cikin ƙasa, Port Douglas ta yi ta mutuwar tsaye, har mazaunanta suka koma kimanin 100 a 1960.

Hanyar mota ita ce auta, ta kuma daɗe tana rarrafe. An sa mata sunan Harry Bruce, ministan ayyuka na jihar a shekarun 1930, tun tana turɓaya da laka, gadojinta ƙasa-ƙasa, ruwa na shanye su duk damina. Kogin Burdekin shi kaɗai yakan raba arewa da kudu, har sai da aka buɗe doguwar gadarsa mai fiye da kilomita ɗaya a 1957, kwalta kuwa ba ta game hanyar ba sai a farkon shekarun 1960. Hakan ya zo daidai da wani sauyi a rayuwar ma'aikaci. Motar Holden da aka fara ƙerawa a ƙasar a 1948 ta taimaka mota ta shiga gidan talaka mai albashi, hutun shekara ya yi ta ƙaruwa har ya kai mako huɗu a shekarun 1970, kamfanoni irin su Viscount da Millard suka cika kasuwa da ƙananan ɗakunan da motar gida ke iya ja. Tafi-da-gidanka na wancan zamani hutun mai ƙaramin ƙarfi ne. Wanda ba zai iya biyan otal ba sai ya ɗaura ɗakinsa a bayan mota, ya loda 'ya'ya, ya sauka a zangon da ƙaramar hukuma ta keɓe, sau da yawa dab da bakin teku, domin filin bakin teku a lokacin ba wata daraja gare shi ba, yashi ne da sauro da fargabar ambaliya. A riƙe wannan batu na fili, domin a kansa ne rigimar yau ta fi zafi.

Mai tafiyar yau mutum ne dabam, ko da yake wataƙila shi ne yaron da aka loda a bayan motar shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Tsararsa ta mallaki gidaje tun suna da araha, ta yi ritaya da asusun fanshon da doka ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zubawa tun 1992, ta kuma samu tsawon rai da lafiyar da iyayenta ba su samu ba. Ɗakin da yake ja yakan kai nauyin tan uku, da farantan sola a rufi, da batir, da tankin ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki, wasu har da injin wanki, akwai ma waɗanda kuɗinsu ya haura dalar Ostareliya 100,000. Irin waɗannan ababen hawa da aka yi wa rajista a ƙasar sun wuce 800,000. Annobar korona ta ƙara rura kasuwar, domin daga Maris 2020 har zuwa Nuwamba 2021 an hana 'yan ƙasar fita waje, kuɗin da za a kashe a Bali ko Turai ya koma kan hanya. Mai karatu a Kano ko Damagaram ya san cin rani: aikin gona ya ƙare, a bar gida a nufi inda ake samu, a komo kafin shuka. Wannan ma cin rani ne, amma a juye, domin kuɗin a aljihun baƙo yake zuwa, garin da aka sauka shi ke jiran samu. Ranin nasu kuma daga Mayu zuwa Oktoba yake, daidai lokacin da muke tsakiyar damina.

Yayin da baƙi ke ƙaruwa, tsohuwar sana'ar garuruwan rage hannu take yi. Injin yankan rake ya sallami dubban masu adda a shekarun 1960 da 1970, ƙananan gonaki suka haɗe suka zama manya, masana'antun matsar rake suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya: ta Mourilyan a 2006, ta Babinda a 2011, ta Mossman a 2024 bayan fiye da shekara 120 tana aiki. Idan irin wannan masana'anta ta rufe, makaniki da mai kanti da ƙungiyar ƙwallon gari duk sai sun ji a jikinsu. Yawon buɗe ido ne aka sa wa ido ya cike gurbi, shi kuwa ta ƙofa biyu ya shigo. Ta farko ita ce jirgin sama. Tun da filin jirgin Cairns ya buɗe sashen jiragen ƙasashen waje a 1984, Christopher Skase kuma ya gina ƙaton otal ɗin Sheraton Mirage a Port Douglas a 1987, wurare ƙalilan suka bunƙasa ƙwarai, har ƙauyen da ya kusa shuɗewa ya zama masaukin attajirai. Amma jirgi tsallake gari yake yi. Baƙon da ya sauka a Cairns, aka kai shi teku ya ga murjani, ya koma bayan 'yan kwanaki, bai san akwai Home Hill ko Cardwell a duniya ba. Ƙofa ta biyu ita ce hanya. Mai jan tan uku ba ya iya gudu, man motarsa na ƙarewa da wuri, shekarunsa ma ba sa barinsa ya wuni yana tuƙi, don haka dole ya tsaya, inda ya tsaya kuma nan yake sayen mai da burodi da magani da taya. Nauyinsa da nawarsa su ke rarraba kuɗinsa a garuruwan da jirgi bai san da zamansu ba.

Suka ta farko da ake yi wa waɗannan baƙi tana da ƙarfi, masu zangon kasuwanci ne kuma suka fi yin ta. Cewa suke wannan baƙo ya zo da murhunsa da wutarsa da ruwansa, ba ya cin abincin gari, ba ya kwana a otal, sannan yana neman inda zai kwana kyauta a filin da masu biyan haraji ke kula da shi. Idan ƙaramar hukuma ta buɗe masa wurin kwana kyauta, kamar yadda aka yi a Home Hill da Babinda, to tana gogayya ke nan da ɗan kasuwar da ke biyanta haraji, da kuɗin harajin nasa. Ba ƙarya suka yi ba: a kwana ɗaya baƙon otal ya fi kashe kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai kwana ɗaya ba shi ne mudun da ya dace a auna da shi ba. Baƙon otal kwanaki yake yi, wannan watanni, abin da yake saye kuma shi ne abin da ɗan gari ke saye, saboda haka kuɗinsa na shiga hannun mahauci da mai kantin magani da mai gidan mai da mai gyaran birki, wato waɗanda ɗan gari ke buƙatar su rayu. A garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗaya ko biyu ba, ƙarin cinikin wata huɗu na iya zama abin da ke hana kanti ɗaya tilo rufewa. Garin da ya hana kwana kyauta kuma ba lallai ya tura baƙon zangon kuɗi ba, yana iya tura shi gaba, zuwa garin da ya yi maraba. Shi ya sa garuruwa da dama suka shiga tsarin ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, CMCA, wadda ke ba gari shaidar karɓar baƙi idan ya tanadi ruwan sha da wurin tsayawa da wurin zubar da ƙazanta. Maganin koken mai zango shi ne a ƙayyade kwanakin kyauta, a kuma karɓi wani abu kaɗan domin kula da wurin. Kora ba ta amfanar kowa.

Alherin wannan baƙo a kalanda yake ƙarewa. Queensland ɗin da ya sani ita ce ta watan Yuli: sama garau, iska mai daɗi, ƙananan jiragen ƙasa masu jan rake na ratsa hanya, kasuwar ƙarshen mako cike da gwanda da abarba. Ba ya nan a Fabrairu. Garin Tully ya taɓa samun ruwan sama milimita 7,900 a shekara guda, a 1950, har mutanen gari suka kafa mutum-mutumin takalmin ruwa mai tsayin mita 7.9 domin tunawa. Daga Nuwamba zuwa Mayu teku na ɗauke da wata halitta mai dafin kisa, sai cikin raga ake wanka. Ga kuma mahaukaciyar guguwa. Larry ta afka wa Innisfail a Maris 2006 ta kwantar da mafi yawan ayabar ƙasar, Yasi ta daki Mission Beach da Tully da Cardwell a Fabrairu 2011, Debbie ta ratsa Airlie Beach a Maris 2017, Jasper ta jawo ambaliyar da ta sa aka kwashe mutanen garin Wujal Wujal a Disamba 2023. A Fabrairu 2025 ruwa ya karya gadar rafin Ollera tsakanin Townsville da Ingham, hanyar Bruce ta yanke, sai da sojoji suka kafa gadar wucin gadi. Duk waɗannan sun auku ne lokacin da zanguna ke wayam. Mai gida a arewa shi ke biyan inshorar da ta fi ta kudu tsada sosai, har gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa inshorar guguwa a 2022, da lamunin dala biliyan 10. Kuɗin baƙo na wata huɗu ne ko biyar, ɗawainiyar gari ta wata goma sha biyu ce, kuma mafi nauyinta na faɗowa ne a watannin da babu baƙo.

A nan batun fili ke dawowa. Yashin bakin tekun da babu mai so a 1960 shi ne mafi tsada a yau. Zanguna da yawa da ƙananan hukumomi ko iyalai ke riƙe da su sun koma hannun manyan kamfanoni irin su Discovery Parks da Ingenia da NRMA, wasu kuma an rushe su an gina gidajen hutu. Waɗanda suka rage an ƙawata su da wuraren ninkaya da ƙananan gidajen kwana masu tsadar otal. Gyara ba laifi ba ne. Matsalar ita ce zango bai taɓa zama na ɗan hutu shi kaɗai ba. A bayan layin baƙi kullum akwai layin mazauna: tsohon da fanshonsa bai kai hayar gida ba, matar da aurenta ya mutu ta fito da 'ya'ya, masunci, lebura mai jiran kakar rake. Ga irin waɗannan, zango shi ne mafaka ta ƙarshe kafin kwanan mota ko na titi. A 2022 gidajen hayar da babu kowa ciki sun yi ƙasa da kashi 1 cikin 100 a Cairns da Townsville da Mackay, wato lokacin da aka fi buƙatar wannan mafaka shi ne lokacin da mai zango ya fi samun riba idan ya ba baƙo wurin. Ga kuma ma'aikatan gona: matasan ƙasashen waje masu yin kwana 88 a gona domin a sabunta musu biza, da 'yan tsibiran Fasifik da suka dawo ƙarƙashin sabon tsarin ɗaukar aiki, suna tsinkar tumatir a Bowen, suna saran ayaba a Tully. Kakar tumatir ta Bowen kuwa daidai da zuwan baƙi take faɗowa. Gado ɗaya, masu nema uku, an kuma san wanda ya fi kuɗi.

Za a ce mai fili na da ikon neman riba, kuma ba aikin ɗan kasuwa ba ne ya magance ƙarancin gidaje, gwamnati ce ta gaza ginawa. Magana ta biyu na yarda da ita, kuma dattijon da ya zo shan iska ba shi ya haddasa tsadar haya ba. Ta farkon ce ke da abin dubawa. Da yawa daga cikin waɗannan filaye na hukuma ne tun asali, haya ko amana aka ba da su, darajarsu ta yau kuma ba mai zango ya ƙirƙiro ta ba. Kwaltar da aka shimfiɗa, gadar Burdekin, dokar da ta kare murjani, sake gina bakin tekun Cardwell bayan Yasi, duk da kuɗin jama'a aka yi su. Abin da jama'a suka ɗaga darajarsa, jama'a na da haƙƙin gindaya sharaɗi a kansa. Ko ta fuskar cinikin ma aka duba, garin da ya kori mai ƙaramin albashi ya kori mai dafa wa baƙo abinci, da mai share masa banɗaki, da mai jinyarsa ranar da ciwo ya kayar da shi. Batun jinyar nan ba ƙarami ba ne, domin baƙin masu shekaru ne, suna zuwa da hawan jini da ciwon sukari da magungunansu, suna sauka a garin da aka gina asibitinsa daidai da yawan mazauna. Ma'aikaciyar jinyar da ta rasa ɗakin haya ba za ta zo ba, rashinta kuma ɗan gari ne zai ji shi shekara cur.

Abin da baƙo ke zuwa gani ma ba a tsaye yake ba. Babbar katangar murjani mai tsawon kilomita 2,300 da ke kwance gefen wannan gaɓa da ƙyar ta sha. A 1967 wani manomin rake ya nemi izinin haƙar murjanin Ellison domin samun farar ƙasar da za a zuba wa gonaki, sai John Büsst, wani mai zane da ke zaune kusa da Mission Beach, da marubuciya Judith Wright da abokansu suka tsaya kai da fata, aka hana. Dokar kare yankin ta zo a 1975, ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 1981, dazuzzukan gaɓar suka bi baya a 1988 bayan zanga-zangar dajin Daintree ta 1983 da 1984. An hana farautar kada a jihar a 1974, shi ya sa yanzu allon gargaɗi ke tsaye a bakin koguna. Masu kishin muhalli na cewa jif mai jan tan uku dizal yake sha kamar ruwa, motoci kuma na kashe ƙaton tsuntsun nan dangin jimina da ke ratsa titunan Mission Beach. Haka ne, ba kuwa za a wanke matafiyi tas ba. Amma koɗewar murjani da aka gani a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024 ɗumamar teku ce ta jawo ta, ga laka da takin da koguna ke kwasowa daga gonaki, ga tashoshin fitar da kwal a Hay Point kusa da Mackay da Abbot Point kusa da Bowen. Baƙo mai zuwa kallo shi ya ba itace a tsaye farashin da zai iya ja da mai zarto. Sai dai wannan hujja ma komawa take kan maganata: garin da ya jingina gaba ɗaya da masu zuwa kallon murjani ya jingina da zafin ruwan teku, abin da ba ya hannun kowace ƙaramar hukuma.

Akwai sauyi ɗaya da ke nuna inda mafita take. Mission Beach ta samo sunanta ne daga sansanin da gwamnati ta kafa a bakin kogin Hull a 1914, inda ta tattara 'yan asalin ƙasar, mutanen Djiru da wasunsu. Guguwar 1918 ta rushe shi, aka kwashe waɗanda suka tsira zuwa tsibirin Palm. Shekaru da dama baƙi na wanka a wannan gaɓa ba tare da jin labarin ba. Hukuncin kotun ƙoli na 1992, a ƙarar da Eddie Mabo, mazaunin Townsville, ya shigar, ya rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita kafin zuwan Turawa. A 2012 aka buɗe cibiyar karɓar baƙi ta kwazazzabon Mossman, wadda akasarin ma'aikatanta 'yan asalin yankin ne, a 2021 kuma aka mayar wa mutanen Kuku Yalanji na gabas mallakar dajin Daintree. A Cooktown, zuwan Kyaftin Cook na 1770, lokacin da ya ja jirginsa gaɓa domin gyara, yanzu ana ba da labarinsa har daga bakin mutanen Guugu Yimithirr. Wannan bai share talauci da rashin aikin da ke damun al'ummomin ba. Abin da ya nuna shi ne idan ƙasa da ƙofar shiga na hannun waɗanda ba za su tashi ba, kuɗin baƙo na samun inda zai tsaya, baƙon ma ya koma gida da sanin da ya fi wanda ya zo da shi.

Kada a ɗauka kewar jiya nake yi. Tsohuwar hanyar ta ci rayuka, musamman ɓangaren da ke ratsa daji tsakanin Marlborough da Sarina kafin a sauya masa layi a farkon shekarun 1980. Hutu mai arahar nan ma bai game kowa ba, domin lokacin da iyalan Turawa suka fara jan ɗakunansu zuwa bakin teku, 'yan asalin ƙasar da yawa na ƙarƙashin dokar da ke hana su barin sansani sai da izini. Dogaro da kaka ɗaya kuma ba sabon abu ba ne a nan, rake ma rabin shekara ake matsarsa, farashinsa a kasuwar duniya ake yankewa. Bambancin shi ne masana'antar rake ba ta iya tashi cikin dare ta koma wani gari, baƙo kuwa tayoyi gare shi. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana. Tsadar mai, ko labarin ambaliya, ko wata sabuwar hanya da aka yi wa kwalta a yamma, kowanne na iya karkatar da ayarin. Gaba ma akwai abin tunani: an ɗaga shekarun karɓar fanshon gwamnati zuwa 67, matasan ƙasar kuma na shan wuyar mallakar gida fiye da iyayensu. Babu tabbacin tsarar da ke tafe za ta yi ritaya da dukiyar da za ta sayi irin waɗannan ɗakuna.

Saboda haka abin da ya dace da waɗannan garuruwa shi ne su karɓi baƙo hannu bibbiyu, su kashe ribarsa a kan buƙatun damina. Dala biliyan 7.2 da gwamnatin tarayya ta yi alkawarin zuba wa hanyar Bruce a Janairu 2025 za ta fi amfani a gadojin da ruwa ke shanyewa, domin gadar da ta tsaya a Fabrairu ita ke kawo abinci da magani ga mazauna, ita ce kuma baƙo zai bi a Yuli. Filin zango da ke hannun hukuma bai kamata a sayar ba, idan an ba da haya a sa sharaɗin keɓe wani kaso ga mazauna da ma'aikatan kaka, a farashin da suke iyawa. Abin da aka tara daga wuraren kwana a mayar da shi kan magudanan ruwa da mafakar guguwa da gidajen ma'aikatan lafiya. Garin da ya yi haka, ko ayarin ya ragu wata rana, zai tarar yana da hanya da asibiti da mutanen da za su nemi wata sana'a. Wanda ya sayar da bakin tekunsa ya kori masu ƙaramin ƙarfi, zai yi cinikin wata biyar mai kyau na wasu shekaru, ranar da guguwa ta zo kuma ya rasa matasan da za su ɗaga masa rufin da ya faɗi.